Wa Ya Biya Mai Ba Ka Shawara? Sharhi Kan Rubutun Kuɗi a Intanet da Makomar Ƙananan 'Yan Kasuwa

A yau kafin mutum ya sayi waya, ko ya biya kuɗin koyon wata sana'a ta intanet, ko ya tura kuɗi a aiko masa da magani, yakan fara duba abin da wasu suka ce. Zai karanta rubutun wani da ya ce ya gwada ya gani, ya ƙirga taurarin da masu saye suka ba kayan, sannan ya yanke shawara. Tambayar da ba kasafai take zuwa masa ba ita ce: shin wannan da ke ba ni shawara, wa ya biya shi? A kan wannan tambaya aka shafe kusan shekara 20 ana kai ruwa rana a Amurka tsakanin marubutan bulog, kamfanonin talla, Google da hukumomin gwamnati. Abin da taƙaddamar ta haifar ya shafi mai saye, ya shafi marubuci, ya kuma shafi duk mai ƙaramar sana'a da ke neman kasuwa ta intanet.

Matsayina a kan batun a fili yake. Karɓar kuɗi don rubutu sana'a ce mai mutunci, kuma marubucin da ya ɓata dare yana bincike ya cancanci ladan guminsa. Ɓoye wanda ya biya shi ne ha'inci. Tarihin wannan harka ya kuma nuna cewa ha'incin ba ya ci, domin abin da marubuci da ɗan kasuwa suke ci da shi a intanet guda ɗaya ne, wato yardar jama'a.

Daga rubutun sha'awa zuwa sana'a

Bulog ya fara ne a matsayin rubutun sha'awa. A ƙarshen shekarun 1990 mutum kan buɗe shafi ya riƙa zuba abin da ke ransa: littafin da ya karanta, girkin da ya koya, kwamfutar da ya gyara. A 1999 wani ƙaramin kamfani a San Francisco mai suna Pyra Labs ya fito da Blogger, manhajar da ta ba wanda bai san komai game da gina shafi ba damar wallafa rubutunsa cikin 'yan mintuna. Google ya saye ta a 2003, shekarar da Matt Mullenweg da Mike Little suka fito da WordPress. Abin da ya ja mutane zuwa waɗannan shafuka shi ne jin muryar mutum irinsu. Jarida tana da masu ita, tana da masu ba ta talla, amma marubucin bulog a idon masu karatu ba shi da ubangida. In ya ce abu yana da kyau, to da idonsa ya gani.

Ba a daɗe ba 'yan kasuwa suka gane cewa wannan yarda dukiya ce. Kuɗi ya fara shigowa ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce la'ada. Tun 1996 Amazon ya buɗe wani tsari da mai shafi zai sa mahaɗi, wato kalmar da ake latsawa ta kai mutum wani shafin, in mai karatu ya bi ta nan ya sayi littafi sai a ba mai shafin wani kaso na cinikin. Ta biyu ita ce AdSense, wanda Google ya fito da shi a 2003. Mai shafi zai ware wani gefe, Google ya riƙa zuba tallace-tallace a wurin, a raba kuɗin. A 2010 kamfanin ya bayyana cewa kashi 68 cikin 100 ne ke zuwa ga mai shafin, kuma ba ya aika kuɗi sai sun kai dala 100. A duka tsarin biyu, mai kaya ba ya faɗa wa marubuci abin da zai rubuta. Wannan katangar ce aka rushe a 2006.

Rikicin PayPerPost

A tsakiyar 2006 wani ɗan kasuwar talla a Orlando ta jihar Florida, Ted Murphy, ya buɗe PayPerPost. Kasuwa ce da mai kaya zai shigar da buƙatarsa, ya faɗi tsawon rubutun da yake so da mahaɗin da za a sa, har yana iya gindaya cewa yabo kawai yake so. Marubuci ya ɗauki aikin, ya rubuta a shafinsa da muryarsa ta kullum, a biya shi 'yan daloli. Da farko ba a wajabta masa gaya wa masu karatu cewa biyansa aka yi ba. Nan take aka yi caa a kan kamfanin. Michael Arrington na shafin TechCrunch yana cikin waɗanda suka fi sukarsa, mujallar BusinessWeek ma ta ce gurɓata duniyar bulog ake yi. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya wajabta bayyana cewa an biya, daga baya kuma ya koma amfani da sunan IZEA. Wani kamfanin da ya fito a lokacin, ReviewMe, tun farko ya ɗauki wata hanya dabam: dole a bayyana biyan, kuma mai kaya ba shi da ikon tilasta yabo.

A shekarar ce kuma asirin wani bulog ya tonu. Wasu mutum biyu, mace da namiji, suna zagaya Amurka a motar da ake kwana a cikinta, suna yada zango a harabar shagunan Wal-Mart, suna ba da labarin ma'aikata masu murna da aikinsu. Ashe wata ƙungiya mai goyon bayan kamfanin ce ta ɗauki nauyin tafiyar, kuma kamfanin hulɗa da jama'a na Edelman ne ya shirya abin. Shugabansa, Richard Edelman, sai da ya fito ya amsa laifi.

Duk wanda ya san kasuwa zai gane inda matsalar take. Dillali mutum ne sananne, kowa ya san yana cin la'ada, don haka mai saye kan auna maganarsa da wannan sanin, kuma ba wanda ke ganin laifinsa. Wanda ake ƙyama shi ne wanda mai kaya ya haɗa baki da shi, ya tsaya cikin jama'a kamar shi ma saye ya zo yi, yana yabon kaya yana ƙara tayi don a ruɗi na kusa da shi. Malaman fiƙihu tun da daɗewa suka haramta irin wannan tayi na yaudara. Marubucin da ya bayyana cewa an biya shi dillali ne. Wanda ya ɓoye kuwa shi ne wancan na cikin jama'a.

Hukuncin Google

Bulala ta farko ba daga gwamnati ta fito ba, daga Google ta fito. Kamfanin yana jera sakamakon bincike ne bisa wani lissafi da Larry Page da Sergey Brin suka ƙirƙiro, PageRank, wanda ke ɗaukar kowane mahaɗi da wani shafi ya yi zuwa naka a matsayin shaidar cewa naka yana da amfani. Saboda haka da yawa daga masu biyan marubuta ba masu karatun ne suka dame su ba. Mahaɗin suke saye, don shafinsu ya hau saman sakamakon bincike. Wannan kuwa ya taɓa hanyar cin abincin Google, domin in kuɗi ke sayen matsayi, mutane za su daina yarda da sakamakon. Tun 2005 kamfanin ya fito da wata alama da ake liƙa wa mahaɗi don kada a ƙirga shi a lissafin, ya kuma nemi a riƙa sa ta a duk mahaɗin da aka biya. A ƙarshen 2007 marubuta masu yawa da ke aiki da PayPerPost suka wayi gari makin shafukansu ya koma sifili. Da yake da wannan maki ake yi musu farashi, darajarsu a kasuwar ta faɗi tare da shi.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda dubban mahaɗan saye suka ɗaga shagunan J.C. Penney zuwa saman sakamako, Google ya dawo da su ƙasa. A 2013 kamfanin sayar da furanni na Interflora a Ingila ya ɓace daga sakamakon na tsawon kwanaki, ko da sunansa mutum ya nema. A Janairun 2012 kuwa aka gano cewa wata tallar manhajar Chrome ta bi ta hannun marubutan da aka biya, sai Google ya hukunta shafin nasa na kansa har kwana 60. Waɗannan duka sun farfaɗo, saboda suna da ƙwararru da lauyoyi da kuɗin jira. Mai ƙaramin shago da aka jefa shafi na goma ba shi da ko ɗaya.

Haka abin ya kasance ga wani nau'in rubutun kuɗi, wato na kamfanonin da ke ɗaukar dubban marubuta suna cika intanet da rubutu maras zurfi don kawai a kama masu bincike a nuna musu talla. Demand Media, mai shafin eHow, yana biyan kimanin dala 15 a kan maƙala ɗaya, kuma a farkon 2011 darajarsa ta haura dala biliyan 1. A Fabrairun shekarar Google ya fara wani gyara a lissafinsa mai suna Panda, wanda ya riƙa danne irin wannan rubutu, kasuwar ta karye. Marubutan da suka dogara da ita su ne suka fara ji a jikinsu.

Shigowar hukuma

A Oktoban 2009 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar Amurka, FTC, ta sabunta ƙa'idojinta na yabon kaya, karo na farko tun 1980. Ƙa'idar mai sauƙi ce: in akwai wata alaƙa tsakanin mai yabo da mai kaya wadda za ta iya sauya yadda mai saye zai ɗauki maganar, dole a bayyana ta. Kuɗi alaƙa ne, kyautar kaya alaƙa ce, tikitin jirgi da ɗakin otal alaƙa ne, zama ma'aikacin kamfanin ko ɗan'uwan mai shi ma alaƙa ne. A 2010 hukumar ta kama kamfanin Reverb Communications, wanda ma'aikatansa ke shiga kasuwar iTunes kamar masu saye suna yabon wasannin abokan cinikinsu. A 2011 kamfanin Legacy Learning Systems, mai sayar da faifan koyon kaɗa jita, ya biya dala dubu 250 saboda masu cin la'adarsa suna rubuta yabo kamar ba ruwansu da cinikin.

Da harkar ta koma Instagram da YouTube, ƙa'idar ta bi ta can. A 2016 hukumar ta tuhumi shagunan Lord & Taylor da ba mutum 50 masu tarin mabiya wata riga kyauta da kuɗi tsakanin dala 1,000 zuwa 4,000 kowannensu, suka sa hotunansu a ƙarshen mako guda ba tare da cewa talla ce ba. Rigar ta ƙare ƙaƙaf a shaguna, abin da ke nuna ƙarfin irin wannan talla da kuma dalilin sa mata ido. A Oktoban 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta sa Kim Kardashian biyan dala miliyan 1.26, saboda ta tallata wani kuɗin intanet mai suna EthereumMax ba ta faɗi cewa an ba ta dala dubu 250 ba. A 2024 FTC ta fitar da doka da ta haramta sayen yabon ƙarya da sayen mabiyan bogi, da tarar da ta haura dala dubu 50 a kan kowane laifi guda.

Hanyoyi huɗu, iyayengiji huɗu

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Hanyar da marubuci ke samun kuɗi ita ke nuna wa zai yi wa aiki, ko ya sani ko bai sani ba.

Mai dogaro da tallar Google, yawan masu leƙowa yake nema. Wannan ne ke haifar da kanun labarai masu tayar da hankali waɗanda ba su da alaƙa da abin da ke ciki, da satar rubutun wasu, da yanka labari guda gida biyar. Kuɗin kuma bai tsaya wuri ɗaya ba, ya danganta da ƙasar da mai karatu yake da abin da masu talla ke biya a can. Tun 2024 da Google ya fara sa amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman sakamakon bincike, mai tambaya kan sami biyan buƙata ba tare da ya shiga shafin kowa ba, wannan hanyar ta ƙara ƙuntata.

Mai cin la'ada yana fuskantar wata jarrabawar: ya nuna kayan da ya fi inganci, ko wanda ya fi kawo masa kaso? Ana iya cin wannan jarrabawa. Shafin Wirecutter, wanda Brian Lam ya kafa a 2011, ya yi suna da gwada kaya da gaske da kuma bayyana cewa la'ada yake ci, har New York Times ta saye shi a 2016 kan kimanin dala miliyan 30. Amma ragamar tana hannun wani. A Afrilun 2020 Amazon ya rage la'adar kayan ɗaki daga kashi 8 zuwa 3 cikin 100, ta kayan masarufi daga 5 zuwa 1, da sanarwar 'yan kwanaki kacal.

Mai karɓar kuɗi kai tsaye daga mai kaya shi ya fi samu a kan rubutu ɗaya, shi ne kuma ya fi kusa da rami. Abu uku ke tsare shi: ya rubuta a sama, inda kowa zai gani, cewa an biya, ya ƙi yabon abin da bai gwada ba, ya riƙe 'yancin faɗin aibin kayan.

Hanya ta huɗu ita ce mai karatu ya biya da kansa. A Janairun 2013 marubuci Andrew Sullivan ya ware daga kafafen da yake yi wa aiki ya nemi masu karanta shafinsa, The Dish, su biya dala 19.99 a shekara, dubbai suka amsa. A shekarar aka kafa dandalin Patreon don irin wannan biya, a 2017 kuma Substack, wanda ke cire kashi 10 cikin 100 na abin da masu karatu suka biya. A ganina wannan ce hanyar da ta fi tsabta, domin wanda ake yi wa rubutun shi ne ubangidan. Sai dai tana da nata nauyin. Marubuci na iya komawa faɗa wa masu biyansa abin da suke son ji kawai, kuma aikin ba hutu: Sullivan da kansa ya ajiye shafin a 2015 saboda gajiya da lafiyarsa. Kaɗan ne kuma ke da mabiyan da za su ciyar da su ta wannan hanya kaɗai.

Mai ƙaramar sana'a da kayan haya

Ɗaya ɓangaren maganar shi ne ɗan kasuwan da ke gina sana'arsa a intanet. Abin da a da sai babban kamfani ke iyawa, yau ana hayarsa da kuɗi kaɗan. Akwai masu rajistar sunan adireshin shafi da masu ba da ma'ajiyar da shafin zai zauna, irin su GoDaddy. Akwai masu ba da shago a shirye, irin su Shopify na Kanada da Wix, waɗanda duka suka fara a 2006. Akwai masu karɓar kuɗi a madadin mai kaya, irin su PayPal da Stripe, wanda farashinsa na yau da kullum a Amurka kashi 2.9 cikin 100 ne da santi 30 a kan kowane ciniki. Akwai masu aika saƙon imel ga dubban abokan ciniki, irin su Mailchimp, wanda Intuit ya saya a 2021 kan kimanin dala biliyan 12. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna irin kuɗin da ke cikin 'yan dalolin da ƙananan 'yan kasuwa ke biya wata-wata.

Alheri ne babba, amma akwai wuraren da ake zamewa. Farashin shekarar farko sau da yawa na jan hankali ne, na sabuntawa shi ne na gaskiya, shi ya kamata a tambaya. Mutane da dama kan ba wani ya gina musu shafi, shi kuma ya yi rajistar adireshin da sunansa, ranar da aka saɓa sai a tarar shagon ba nasu ba ne. Wasu manhajojin kuma suna sauƙaƙa shiga, su wahalar da fita da bayanan abokan ciniki.

Haɗarin da ya fi girma shi ne gina komai a dandalin wani. Yahoo ya sayi GeoCities a 1999 da hannayen jari na sama da dala biliyan 3, ya rufe shi a 2009, shafukan miliyoyin mutane suka tafi. A Janairun 2018 Facebook ya sauya yadda yake nuna wa mutane abubuwa, ya fifita na 'yan'uwa da abokai a kan na shafuka, wata guda bayan haka kamfanin LittleThings mai miliyoyin mabiya ya rufe, ya ce sauyin ne ya kashe shi. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kimanin awa 6, duk wanda cinikinsa ke can ya zauna hannu rabbana. Kayan aro ba ya rufe katara. Abu uku ya kamata su kasance mallakin ɗan kasuwa: adireshin shafi da sunansa, jerin lambobi da imel na abokan cinikin da suka yarda ya tuntuɓe su, da kwafin duk hotunansa da rubutunsa a ajiye a wani wuri dabam.

Game da sayen yabo kuwa, abin da ya faru a New York a 2013 ya isa izina. Ofishin babban lauyan jihar ya yi shigar burtu a matsayin mai shagon yogot a Brooklyn, ya nemi kamfanonin gyara suna su taimaka, wasunsu suka yi tayin rubuta yabon ƙarya. Bincike ya nuna ana biyan marubuta a Filifin da Bangaladash da gabashin Turai dala 1 zuwa 10 a kan kowane yabo. Kamfanoni 19 suka biya tarar da ta haura dala dubu 350. Mai sana'ar da ke son talla ta gaskiya yana da hanya mafi aminci: ya nemi marubucin da masu karatunsa su ne masu sayen irin kayansa, ya ba shi kayan ya gwada, ya yarda a rubuta cewa talla ce, ya kuma ba shi wata lambar rangwame ta musamman don ya san ciniki nawa ya zo ta hannunsa. Yawan mabiya ba hujja ba ne, tunda ana sayensu.

Mai saye shi ma yana da nasa tarkon. Mafi yawa shi ne gwajin kyauta da ke neman lambar katin banki, wa'adi na cika a fara cirar kuɗi kowane wata. A 2023 FTC ta kai Amazon kotu bisa zargin shigar da mutane tsarinsa na biyan kuɗi wata-wata, Prime, ba da cikakkiyar yardarsu ba da kuma wahalar da fita, a 2025 kamfanin ya amince da biyan dala biliyan 2.5 aka sasanta. Yabon da babu aibi ko ɗaya a cikinsa, ko yabo da yawa masu kalmomi iri ɗaya da suka zo a rana ɗaya, ko mai matsa wa mutum ya biya yanzu-yanzu kafin dama ta wuce, duka alamu ne na a dakata.

Inda abin ya iske mu

Wannan harka ta iso Najeriya da wuri. Linda Ikeji ta fara bulog a 2006 a kan Blogger, ta nuna cewa ana iya yin arziki da shi. A Oktoban 2014 aka sauke shafin nata na 'yan kwanaki ana tsaka da ƙorafe-ƙorafe kan haƙƙin mallaka, abin da ya nuna cewa ko mafi shahara zaman haya yake yi. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, masu talla da masu ciniki a can suka yi wata 7 a takure. Karɓar kuɗi ma ya daɗe yana wahala: da PayPal ya shigo ƙasar a 2014, aikawa kawai ya ba da dama. Wannan giɓi ne ya buɗe wa irin su Paystack da Flutterwave hanya, har Stripe ya sayi Paystack a 2020 kan sama da dala miliyan 200.

Mai rubutu da Hausa yana da ƙarin ƙalubale. An ɗauki shekaru Hausa ba ta cikin harsunan da AdSense ke karɓa, kuma abin da masu talla ke biya kan mai karatu a Najeriya ko Nijar bai kai na Turai ba. Saboda haka mafi yawan kuɗin da ke shigowa masu shafukan Hausa, da masu bidiyo a TikTok da Facebook da YouTube, daga talla kai tsaye yake zuwa, wato hanyar da ta fi kowace buƙatar gaskiya. Abin da ake tallatawa kuwa sau da yawa abin da ya shafi rai da dukiya ne: maganin gargajiya mai warkar da kowace cuta, mayukan sauya launin fata, kayan mata, da tsare-tsaren zuba jari masu alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda. Jama'a ba su manta da MMM ba, wanda ya daskarar da kuɗin mutane a Disambar 2016, kuma irinsa ba su daina fitowa ba. Akwai ma masu cewa a biya kuɗin rajista a riƙa samun albashi don karanta labarai ko latsa talla. Duk aikin da za a ce sai ma'aikaci ya biya kafin a biya shi, kuma samunsa ya dogara da shigo da wasu, ba aiki ba ne.

Doka tana nan. Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta haɗa da tallar intanet, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, akwai kuma NAFDAC kan magani da abinci. Amma ba hukumar da za ta iya bin kowane bidiyo da kowane zauren WhatsApp. Akwai kuma abin ƙarfafa gwiwa a gida: marubutan littattafan Hausa na intanet, mata ne akasarinsu, sun daɗe suna sakin shafukan farko kyauta, mai son ci gaba ya tura kuɗi a sa shi a zauren masu biya. Wannan ita ce hanya ta huɗu, sun gina ta da kansu. Babban abin da ke karya su shi ne masu fitar da littafin su yaɗa shi kyauta, wanda cin haƙƙi ne ƙarara.

Kirana ga marubuci da mai bidiyo shi ne ya karɓi kuɗinsa da hannu biyu, amma ya faɗa da bakinsa tun a farko cewa talla ce, kuma kada ya tallata magani ko jarin da ba zai ba mahaifiyarsa ba. Ga mai ƙaramar sana'a, ya kashe kuɗinsa a kan ingancin kaya da mallakar adireshinsa da jerin abokan cinikinsa kafin ya kashe a kan yabo. Kai kuma mai karatu, marubucin da ya ce maka an biya shi ya girmama ka, ka riƙe shi. In kuma kana amfana da rubutun wani, ka biya shi ko da kaɗan ne, domin in masu karatu ba su ciyar da marubuci ba, masu kaya ne za su ciyar da shi.